Ƙasar tawa ce, itatuwan na Rabe ne

Bana shekara arba'in da bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Rabe, Allah ya jiƙan shi. Da za a ba ni wuni ɗaya cikin rayuwata a ce in goge shi, ba zan tsaya dogon tunani ba. Wunin da na tsaya bakin gonarmu ta gado, hannuna cikin aljihu, ina nuna wa direban katafila itacen da zai fara turewa, shi zan goge. Itatuwan nan ba nawa ba ne. Na Rabe ne. Kowa a ƙauyenmu ya sani, ni ma na sani, kuma ban tambaye shi ba.

Ba don a tausaya mani nake wannan rubutu ba. Haushi ne ya sa ni ɗaukar biro, haushin kaina da na tsararrakina, da na 'ya'yanmu da suka ɗauko halinmu suka ƙara mashi gishiri. Karatuna bai wuce elemantare ba, don haka mai karatu ya yi haƙuri da yadda maganar za ta fito.

Mu uku mahaifinmu ya bari: Yaya Indo ita ce babba, sai ni Mamman, sai Rabe auta. Ƙauyenmu yana ƙasar Faskari, ba nisa da Daudawa. Ni tun da wuri na faɗa fataucin hatsi da auduga, yau ina kasuwar Ƙanƙara, gobe ina Sabuwa. Rabe kuwa tun yana yaro ba ya ganin bango mai laushi ya ƙyale shi. Gawayin murhun Inna ya ƙare a bangon zaure, ya sha bulala a kan haka har aka gaji aka bar shi. Da ya samu gurbin koyon zane a Zariya, Baba bai yarda nan take ba. Daga baya ya kira shi ya ce, "Ka tafi. Amma ka yi mani alkawari guda: ba mutum, ba dabba, ba tsuntsu. Duk abin da ke da rai ka bar wa Mai shi." Rabe ya ɗauki alkawarin, kuma har ya koma ga Allah bai karya shi ba. Wannan alkawari ya hana shi arziki, don a Kaduna, inda ya zauna yana aiki a wani gidan ɗab'i, masu samu su ne masu zana fuskokin manya da zakuna a bayan manyan motoci. Shi sai itatuwa, sai duwatsu, sai ruwa.

Na taɓa sauka wurinshi da na kai hatsi Kaduna, na ga yadda yake aikin. Allon jan ƙarfe ne siriri, bai fi tafin hannu biyu ba. Sai ya shafe shi da kaki, ya ɗauki allura ya yi ta kartar kakin, layi bayan layi, kowane ganye da nashi. In ya gama ya tsoma allon cikin wani ruwa mai cin ƙarfe, ɗan'uwan ruwan batir, mai wari da ke shaƙe maƙoshi. Ruwan ba ya taɓa inda kaki ya rufe, sai inda allura ta bi. Ya wanke, ya cusa tawada cikin ramukan, ya goge saman da tsumma, ya ɗora jiƙaƙƙiyar takarda, ya tura su cikin wani inji mai kama da na masu matsar rake. Ya gaya mani cewa duk abin da ya karta a dama, a hagu yake fitowa kan takarda, kamar hatimi. Na ce mashi wahalar banza ce, mai hoto na bakin tasha yana gama nashi kafin shayi ya huce. Ya yi dariya yana tari. Tarin nan tun lokacin yana tare da shi.

Da Baba ya rasu aka zauna rabon gado. Yaya Indo ta ɗauki fadamar da ke bayan gari. Saura babbar gona, wadda za a raba tsakanina da Rabe. Masu karatu na birni ƙila ba su san wannan ba, amma a wajenmu ƙasa daban, itacen da ke kanta daban. Mutum na iya mallakar gona, ɗorawar da ke tsakiyarta kuwa ta wani ce, kuma ranar da ta nuna mai ita zai shigo da ƙugiyarshi ba mai ce mashi don me. Rabe ya dubi liman da dattawan da ke wurin ya ce shi ba noma zai yi ba, a bar wa Yaya Mamman ƙasar duka, shi a ba shi itatuwan. Liman ya maimaita mashi tambayar, ya ce ya ji ya gani. Aka juyo gare ni, na ce na yarda. Har na riƙa yi mashi dariya a zuci, wai na samu gona sukutum shi ya tashi da inuwa. Aka shafa fatiha a kan haka.

Ba ƙananan itatuwa ba ne. Akwai ɗorawoyi da kakanmu ya tarar, akwai kaɗanya, akwai kanya a kan wani ɗan dutse can kan iyaka, akwai maɗaci. Sai uwa uba tsamiyar da muke kira tsamiyar Baba, don ƙarƙashinta yake sallar azahar in ana noma. Tsawa ta taɓa fasa mata babban reshe, ya tsage ya sunkuyo amma bai mutu ba, ya ci gaba da 'ya'ya a sunkuye. Rabe ya ce wa Yaya Indo duk abin da itatuwan suka haifa nata ne da matan gidan. Da kalwar nan take daddawa, da kaɗen take mai, da makubar ake daɓen ɗakuna. Shi abin da yake ɗauka in ya zo gida bai wuce ƙullin tsamiya na kunu ba.

Sai kuɗin man fetur ya fashe.

Wanda bai ga shekarun nan ba ba zai gane irin haukan da muka yi ba. Katsina ba ta ma zama jiha ba tukuna. Wanda jiya yake bin jaki, yau ya zama ɗan kwangila. Aka raina duk abin da ƙasa ta ba mu, aka ɗaukaka duk abin da jirgi ya kawo. Shinkafar waje ta kori tamu, roba ta kori ƙwarya, mata suka fara jin kunyar warin daddawa saboda ɗan dunƙulen miya na kanti. Ni ma na shiga sahu da ƙafa biyu. Na je Makka, na rufe gidana da kwano, na sayi a-kori-kura, na fara jin cewa duk wanda bai yi abin da na yi ba bai san inda duniya ta dosa ba. Har yau in na tuna yadda nake magana a majalisa a lokacin, sai in ji kamar in tashi in mari mutumin nan.

A cikin wannan hali Rabe ya zo hutun babbar salla, ya same ni a zaure da abokaina. Ya ciro wani abu a naɗe cikin jarida ya miƙo mani da hannu biyu, ya ce gudummawar sabon gida ce. Zane ne na baƙar tawada cikin gilashi. Wani lambun shan iska ne na Kaduna: siririyar hanya ta ratsa tsakiya, ga benci ba kowa a kai, ga ɗan tafki kwance, ga shingen ƙarfe, ga manyan itatuwa sun yi rumfa, can nesa rufin gidaje sun ɗan leƙo. Shiru ne kawai a cikin takardar. Ko tsuntsu babu, saboda alkawarin Baba.

Na ɗaga shi sama don jama'a su gani. Na ce, "Kai Rabe, Kaduna guda, da benaye da motoci, ka rasa abin zanawa sai daji? Ina mutanen? Annoba aka yi?"

Aka fashe da dariya. Ya ce, "Ba daji ba ne, Yaya, lambu ne. Albashi ake biyan mutane su ba iccen ruwa, su share ƙarƙashi, don wanda ya gaji ya zo ya zauna."

"Ya zauna ya yi me?"

"Ya zauna kawai."

Wani abokina ya ce, "To mu nan ai kyauta muke zama, ba mu biyan kowa."

Rabe ya ce, "Abin da nake so ku gane ke nan, Alhaji." Sannan ya juyo gare ni ya rage murya. "Yaya, in ka samu sarari ka dube shi da kyau."

Ban duba ba. Aka shigo da nama, na jingina zanen bayan buhunan taki, ko cikin gida ban kai shi ba. Ranar da zai koma ya gan shi nan inda na bar shi, ƙura ta hau gilashin. Ya goge da hannun rigarshi, ya mayar cikin jarida, ya tafi da abinshi. Ni kuwa har na ji daɗi an rage mani tarkace.

A ranin da ya biyo baya ma'aikatan gona suka cika ƙasarmu da sabon irin masara da takin zamani da tarakta. Malamin gona ya zaga gonata ya ce ƙasa ce mai kyau, sai dai tarakta ba ta kewaye itace kamar garmar shanu, saiwa kuma tana karya mata haƙora. In ina son noman zamani sai an share fili fes. Shi aikinshi ya faɗa, bai san na wane ne itatuwan ba. Ni da na sani ban buɗe baki ba. Na je wajen masu aikin hanya na yi magana da mai katafila, ya ce zai shigo ranar da ba su aiki.

Kaduna ba Makka ba ce. Motata tana zuwa can duk mako. Da na so, da direbana ya kai wa Rabe saƙo ya dawo da amsa kafin katafila ta iso. Ban aika ba, don na san amsar.

Lokacin ɗorawa ta yi fure, jajayen nan masu lilo, ƙudan zuma sun cika gonar da ƙugi. Da mai katafila ya iso gindin tsamiya sai ya tsaya, ya leƙo ya ce, "Alhaji, har da wannan?" Na ce da ita zai fara. Ana cikin haka Yaya Indo ta iso da gudu, mayafinta a hannu, mace mai jikoki. Ba ta taɓa kiran sunana gaban mutane ba tun da na je Makka, sai ran nan.

"Mamman! Ka aika ma Rabe?"

Na ce, "Yaya, ki koma gida. Ƙasata ce."

"Ƙasarka ce, wa ya ce ba taka ba ce? Iccen fa? Ba gabanka aka shafa fatiha ba?"

Na ce zan sayo mata dunƙulen miya kwali guda, ta huta da warin daddawa. Wallahi haka na ce mata. Ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta ce, "Kuɗi sun yi maka yawa, hankali ya yi maka kaɗan." Ta juya ta zauna kan kunya, ta ba gonar baya, ba ta tashi ba har aka gama. Tsamiyar ta yi gardama. Sai da aka haƙe gindinta ta kowane gefe, aka ɗaura mata sarƙa, sannan ta tafi. Ƙarar faɗuwarta har cikin gari an ji. Kafin rana ta faɗi gonar ta koma kamar filin idi. Kanyar kan dutse kaɗai ta tsira, ita ma don katafila ta kasa hawa ne, ba don na ji tausayinta ba.

Labari ya kai wa Rabe, ya zo. Ya sauka a mota bai shiga gida ba, ya wuce gona. Na same shi tsaye bakin ramin da tsamiya ta bari. Na shirya faɗa, na tanadi maganganu iri-iri a kan ci gaba da noman zamani. Ya gaishe ni yadda ya saba, har da rusunawa. Sannan ya ce, "Yaya, da ka tambaye ni."

Na ce, "Da na tambaye ka, da ka yarda?"

"A'a."

"To ka gani."

Ya ce, "Ai shi ya sa ya kamata ka tambaya."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Dattawa sun ba shi shawara ya kai ni gaban alƙali, shaidun rabon gado duk suna da rai, kuma da ya je da ya yi nasara. Ya ce ba zai tsaya da yayanshi gaban shari'a ba. Ni kuwa, maimakon kunya ta kama ni, sai na ɗauki shirunshi a matsayin ya gane gaskiyata. Masara ta yi kyau a shekarar, har daga Mabai ake zuwa kallon gonar Alhaji Mamman. Na aika mashi da buhu, ya aiko da godiya. Na ce a raina magana ta ƙare.

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce ina shirin neman gafararshi ajali ya riga ni ba. Ban yi wannan shiri ba. Ina ganin ni ke da gaskiya. Ina kasuwar Sabuwa ina awon dawa aka zo aka ce mani ciwon ƙirjin Rabe ya tashi, an kai shi asibiti, kafin in isa ya cika. Ya bar matarshi da jaririya, Binta. Na yi kuka kamar kowa, na karɓi gaisuwa a matsayin babban wa, mutane suna yaba yadda na riƙe zumunci.

Bayan an yi arba'in aka kawo akwatinshi gida. Zanen nan yana ciki, cikin jaridar da ya naɗe shi. Uwargidana ta ce kada a bar shi a akwati, ta rataye shi a ɗakinta, daidai gaban wani dogon madubi da na sayo mata. Wata rana da hantsi Yaya Indo ta shigo, ta tsaya gaban madubin tana gyara ɗaurin kallabi. Ina tsakar gida na ji ta yi salati da ƙarfi. Na shiga a guje, na tarar tana nuna madubi.

"Mamman, zo ka gani. Tsamiyar Baba ce."

Na dubi bango na ce lambun Kaduna ne, Yaya.

"Ba can ba, dubi nan! Ga reshen da tsawa ta fasa. Ga ɗorawata bayanta. Ga maɗaci. Ga kanya bisa dutse. Kai makaho ne?"

Na dubi madubin. Gonarmu ce. Kowane itace yana tsaye inda yake tsaye in ka shigo ta hanyar gari, tsamiya a dama da reshenta a sunkuye, benci kuwa an ajiye shi daidai inda Baba yake shimfiɗa buzu. Sai a lokacin maganar da ya gaya mani a Kaduna ta dawo mani: abin da ya karta a dama, a hagu yake fitowa. Rabe ya zauna a lambun birni ya ɗauki hanyarshi da shingenshi da tafkinshi, amma da ya zo kan itatuwa sai ya karta nashi, yadda suke a idonshi. Inji ya juya su, madubi ya mayar da su daidai. Abin da ya kawo mani ke nan ranar salla da hannu biyu. Yana nuna mani cewa abin da ake biyan albashi a kula da shi a birni, mu mun gaje shi a bayan gida. Ya ce in duba da kyau, na jingina shi bayan buhun taki.

Yaya Indo ta zauna bakin gado tana kuka, ni kuwa ko hawaye ban samu ba. Na fita na tafi wurin liman, wanda ya shafa fatihar rabon, na tambaye shi abin yi. Bai sassauta mani ba. Ya ce abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinshi, tuba na wanke shi. Abin da ke tsakaninka da ɗan'uwanka kuwa yana nan yana jiran mai shi. Na ce mai shi ya tafi. Ya ce, "To sai ka yi ta yi mashi addu'a da sadaka, Alhaji, ka kuma shirya haɗuwa da shi."

Gonar ma ba ta bar ni ba. Ba a daɗe ba kuɗin man ya ja baya, taki ya zama sai wane da wane, taraktocin suka mutu ɗaya bayan ɗaya ba kayan gyara, suna nan har yau sun yi tsatsa, awaki na kwana ƙarƙashinsu. Waɗanda suka kawo mana su sun koma ofisoshinsu, ba wanda ya dawo ya tambayi yadda muka ƙare. Ƙasar da ba saiwar da za ta riƙe ta, ruwan sama ya riƙa kwasarta yana kaiwa rafi. Daga ramin tsamiyar nan zaizaya ta fara, yanzu kwazazzabo ne da zai haɗiye raƙumi. Na koma garmar shanu da na raina, a gonar da ba inda mai noma zai fake ya sha fura. Yaya Indo ta ƙare rayuwarta tana sayen kalwa a kasuwa.

Nakan tambayi kaina abin da Rabe zai ce da zai leƙo yau. Da zai tsaya bakin titi ya ga manyan motoci shaƙe da buhunan gawayi suna fita daga ƙasarmu, kowace mota kurmi guda ce aka ƙone. Mu a zamaninmu sai an nemo katafila, yanzu yaro biyu da zarto mai inji sun isa su kwantar da ɗorawar da ta girmi kakansu kafin a kira azahar. Ba mai tambayar ta wace ce. Na kusa da gari mun cinye su, dajin da ya rage can nesa kuwa mun bar wa masu bindiga, har gonar taka sai ka yi shahada kafin ka je. Na taɓa zuwa Kaduna na nemi lambun da ya zana, da zanen a hannuna ina nuna wa mutane. Wani dattijo mai gadi ya gane wurin, ya kai ni. Katanga ce da layin shaguna. Wato har na birnin, wanda ake biyan albashi a ba shi ruwa, bai tsira ba. Ina jin Rabe ba zai yi faɗa ba, ba halinshi ba ne. Zai tsaya ne kawai ya ce da kun tambaya. Ni ne mai faɗan, kuma ni ne ban da bakin yi, don duk yaron da na tsawata wa yana iya nuna mani kwazazzabon gonata.

Abin da ya sa na kasa yin shiru bana shi ne, kwanan baya ɗana Sanusi ya shigo da wasu mutum biyu, ya ce masu gawayi ne, sun ga kanyar kan dutse suna so. Ya ce, "Baba, icce ɗaya ne tilo, ba abin da yake tsinana mana, gara a rage zafi da shi." Muryata na ji a bakinshi, har da yadda yake sa hannu cikin aljihu. Na ɗauki sandata na ce duk wanda ya kai zarto gindin kanyar nan sai dai ya fara da ƙafata. Na ce ba tawa ba ce balle ta zama tashi. Ya ce ta wace ce? Sai na gane ban taɓa gaya wa 'ya'yana ba. Shekara arba'in da bakwai ina sadaka ina addu'a a ɓoye, amma ban taɓa buɗe baki na ce ga abin da na yi ba, ko ga Binta, wadda ita ce magajiyar itacen.

Washegari na sa aka kai ni Ƙanƙara, inda take aure, ita ma yanzu da jikokinta. Na tafi da zanen. Na ce ta kawo madubi, na nuna mata gadon ubanta itace bayan itace, na gaya mata wanda ya ture su da yadda aka yi, ban rage komai ba. Na ce kanya ɗaya ta rage, tata ce, ba mai taɓa ta sai da izininta. Sannan na roƙe ta gafara. Ta daɗe tana kallon madubin. Da ta buɗe baki sai ta ce, "Baba Alhaji, abin da ya zo kaina na gado, na yafe maka duniya da lahira. Amma tambayar da ba ka yi mashi ba, wannan tashi ce. Ba ni da ikon yafe ta."

Gaskiya ta faɗa, kuma ban ji haushinta ba. Ta ce in kanyar ta nuna a kawo mata 'ya'yan, tana so jikokinta su ɗanɗana abin kakansu. Zanen na bar mata, yana rataye a ɗakinta gaban madubi.

Abin da ya rage na Rabe a duniya ke nan: ɗiya mai faɗin gaskiya, kanya guda a kan dutse, da takarda mai ɗauke da inuwar da babu ita a ƙasa. Ni da na tara gida da mota da suna, in aka auna, ban bar abin da ya kai wannan ba.

Roƙona ga mai karatu guda ne, kuma ba na wa'azi ba ne, don ban kai ba. In akwai itace a gonarka ko ƙofar gidanka da kake shirin sarewa, ka tsaya ka binciki na wane ne, ka je ka tambaye shi da bakinka. In ka san zai ce a'a, to a nan ne tambayar ta fi zama dole. In kuma ka riga ka yi irin tawa, mai haƙƙin yana numfashi, kada ka aika mashi da buhun masara. Ka tashi yau ka je da ƙafarka. Ni nawa mai haƙƙin yana inda mota ba ta zuwa, kuma tafiyar da za ta kai ni wurinshi ta matso. Ban san abin da zan ce mashi ba.